Mutanen Dominikan da na Kenya a Amurka: ta wace ƙofa kowa ya shigo?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai da dattawa, Magajiya da sauran iyayenmu mata, 'yan'uwa na Kano da Katsina, na Damagaram da Maraɗi, na zangon Kumasi da Nima, sannunmu da zuwa. Na san wasu daga aikin dare suka wuto nan ko gida ba su leƙa ba, wasu kuma motarsu na waje suna jiran a tashi su koma kan titi. Allah ya saka da alheri.

Kwamiti ya ce in yi magana a kan halin aljihunmu a ƙasar nan. Na ga in na fara da mu, kafin in kai rabi za a soma musu, wannan ya ce da shi ake, wancan ya ce da garinsu ake. Shi ya sa zan ɗauko al'ummu biyu da ba mu ba. Na farko maƙwabtanmu ne a nan Bronx ta birnin New York, mutanen Jamhuriyar Dominikan, waɗanda muke yi wa kuɗin goro da sauran masu Sifaniyanci mu ce 'yan Sifanish. Na biyu 'yan'uwanmu ne na Afirka, mutanen Kenya. Sana'ata, kamar yadda yawancinku kuka sani, cike wa mutane takardun haraji, kuma daga ƙarshen Janairu zuwa 15 ga Afrilu takardun waɗannan da na waɗancan da namu duk kan teburi ɗaya suke haɗuwa.

In an bi ƙididdigar hukumar ƙidayar Amurka, tazarar a bayyane take. Waɗanda aka haifa a Jamhuriyar Dominikan suna zaune a nan sun haura miliyan 1, in an haɗa da 'ya'yansu da jikokinsu sun wuce miliyan 2. Haifaffun Kenya kuwa ba su kai dubu 200 ba. Abin da gidan ɗan Dominikan ke samu a shekara yana ƙasa sosai da matsakaicin abin da gida ke samu a ƙasar, kusan mutum ɗaya cikin biyar na cikin talauci a ma'aunin gwamnati, masu digiri kuma ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Mutanen Kenya sun ɗara matsakaicin Ba'amurke yawan masu digiri, samun gidajensu kuma yana kai na matsakaicin gida ko ya ɗan wuce.

Na sha jin namu suna yanke hukunci daga nan, wai waɗancan masu himma ne, waɗannan kuma sai kiɗa da sharholiya. Wanda ya faɗi haka bai taɓa shiga bodega, ƙaramin shagon unguwa, da ƙarfe biyar na asuba ba, ya tarar da mai shagon yana soya ƙwai yana yanka burodi, alhali jiya sai sha biyun dare ya rufe. Himma kowa na da ita. Bambancin ya faro ne tun daga ƙofar da kowa ya shigo.

Mu ɗauki Dominikan. A ranar 30 ga Mayun 1961 aka kashe Rafael Trujillo, wanda ya mulke su da ƙarfe da wuta shekara talatin da ɗaya, kuma a zamaninsa samun fasfo ma sai wanda ya ga dama. Ƙasa ta rikice, a watan Afrilun 1965 Amurka ta tura sojoji, a shekarar nan kuma aka sauya dokar shige da fice ta Amurka aka ba dangi fifiko. Abubuwan nan suka haɗu, mutane suka fara kwararowa unguwar Washington Heights a New York, suna aiki a masana'antun ɗinki na Manhattan. Da tattalin arzikinsu ya durƙushe a shekarun 1980, har aka yi tarzomar tsadar rayuwa a 1984, sai kwararar ta ninka, a daidai lokacin da masana'antun da ke ɗaukarsu suke rufewa ɗaya bayan ɗaya. Har yau kusan duk ɗan Dominikan da ya sami katin zama, ta hanyar dangi ya same shi: uwa ta ɗauko ɗa, miji ya ɗauko mata, wa ya ɗauko ƙane. Wannan ƙofa ba ta tambayar takardar makaranta. Manomi daga yankin Cibao ya shigo, kakar da ba ta taɓa zama a aji ba ta shigo. Al'umma ce sukutum ta taso, da mai ƙarfinta da mai rauninta.

Ta Kenya daban take. A watan Satumban 1959, tun kafin su sami 'yancin kai a 1963, ɗan siyasarsu Tom Mboya ya yi fafutuka jirgi ya kwaso ɗalibai 81 zuwa jami'o'in Amurka. Shekarar da ta biyo baya gidauniyar iyalan Kennedy ta biya kuɗin jirgin, kuma cikin waɗanda suka zo a 1960 akwai Wangari Maathai, wadda ta yi karatu a Kansas, daga baya ta karɓi kyautar Nobel a 2004. Mahaifin Barack Obama ma a 1959 ya tafi Hawaii karatu. Kun ga tun tushe hanyar ɗalibai ce. Da aka kawo cacar biza da dokar 1990, ita ma sharaɗinta kammala sakandare ko ƙwarewar aiki ta shekara biyu. Sai kuma asibitoci da ke neman ma'aikatan jinya. Ko ta ina ka duba, an tace su kafin su hau jirgi, kuma da Turancinsu suka sauka, don shi ne harshen makaranta a can. Jamhuriyar Dominikan ma an cire ta daga cacar saboda yawan mutanenta da ke shigowa, kamar yadda aka cire Najeriya daga baya. To, in ka auna zaɓaɓɓun wata ƙasa da jama'ar wata ƙasa gaba ɗaya, ai ka san wanda zai rinjaya tun ba a ɗora a sikeli ba.

Wurin sauka ma ya yi nasa aikin. Mutanen Kenya sun bazu: Dallas, Minneapolis, Seattle, Atlanta, Lowell da Worcester a jihar Massachusetts. A wasu daga garuruwan nan, musamman a shekarun baya, ma'aikaciyar jinya da mijinta na iya tara kafin alƙalami su sayi gida. 'Yan Dominikan sun cunkushe a New York da New Jersey da garuruwa irin su Lawrence da Providence. A nan Bronx kusan gida ɗaya cikin biyar ne kawai mazauninsa ya mallaka, saura duk haya muke biya, kuma kowa a ɗakin nan ya san abin da haya ke yi wa albashi kafin goma ga wata.

Sai dai ƙididdiga na ɓoye abubuwa, kuma a kan teburina nake ganinsu. Matar Kenya ta kawo mini takardun albashi biyu, wani lokaci uku: asibiti da rana, gidan kula da tsofaffi da dare, kamfanin tura ma'aikata a ƙarshen mako. In aka tara, kuɗi ne mai kauri, wanda ya gani a takarda sai ya ce ta haye. Amma ka dubi idonta. Ka tambaye ta yaushe rabon da ta ci abincin dare da 'ya'yanta. Daga cikin kuɗin nan ake biyan makarantar ƙanne a gida, ake gina gidan da ba ta kwana a ciki sai mako biyu a shekara. Kuɗin da mutanen Kenya ke turawa gida ya haura dala biliyan 4 a 2022, fiye da rabinsa daga Amurka, har ya zarce abin da ganyen shayi ke kawo wa ƙasar. Tun da M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta wayar salula, ta zo a 2007, ba a ma iya cewa kuɗin na hanya. Kuma cikin waɗanda ake ƙirgawa haifaffun Kenya akwai 'ya'yan Somaliyawa da aka haifa a sansanonin gudun hijira na Dadaab da Kakuma, waɗanda labarinsu bai yi kama da na ɗalibi ko kusa ba.

A ɗaya ɓangaren, ɗan Dominikan ya kawo mini lissafin shago. Ribar da ta rage bayan haya da wuta da kaya ba ta kai albashin waccan ba, amma shagon nasa ne, ƙanensa na aiki a ciki, ɗan 'yar'uwarsa da ya sauka bara a nan ya koyi ciniki. Suna da adashinsu, suna ce masa san, kuma da shi aka buɗe shaguna da wuraren gyaran gashi da ofisoshin motocin haya ba adadi. Wasunsu daga bodega suka hau zuwa manyan kantuna, har suka haɗu a 1989 suka kafa ƙungiyar masu manyan kantuna masu zaman kansu, don su yi magana da dillalai da gwamnati da murya ɗaya. Kuɗin da ke shiga ƙasarsu daga waje kuwa ya haura dala biliyan 10 a 2024.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da su shi ne siyasa. A 1991 suka kai Guillermo Linares majalisar birnin New York. A 1992 aka buɗe cibiyar nazarin al'amuransu a City College, inda 'ya'yansu ke tattara alƙaluman al'ummarsu da kansu. A 2016 suka zaɓi Adriano Espaillat zuwa majalisar wakilai ta tarayya, mutumin da ya taɓa zama a ƙasar nan ba takarda. Mutanen Kenya, da duk digirinsu, sai a Nuwamban 2024 suka ga Huldah Momanyi Hiltsley ta ci zaɓen shiga majalisar jihar Minnesota. Yawa ya taimaki 'yan Dominikan, ba musu, amma yawan da bai karɓi takardar zama ɗan ƙasa ya yi rajistar zaɓe ba, ɗan siyasa ba ya ganinsa.

Yanzu mu dawo gida. In ana lissafi, da mutanen Kenya ake haɗa mu, a ce baƙi 'yan Afirka masu ilimi, mu ma mu ji daɗi mu gyara zaman hula. Gaskiya akwai likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a a cikinmu, wasu suna zaune a nan. Amma yawancinmu rayuwar ɗan Dominikan muke yi: tasi, kai saƙo, gadi, kitso, shago, kula da tsofaffi a gida. Da yawanmu da Faransanci ko Larabci muka zo, ko da karatun allo mai zurfi wanda ba ofishin da ke da gurbin rubuta shi. Abin da nake tsoro shi ne mu zauna a tsakiya, ba mu da lasisin ɗan Kenya, ba mu da shago da ƙuri'ar ɗan Dominikan. Mun ga abin da ya sami direbobin da suka ci bashi suka sayi lambar tasi mai ruwan ɗorawa lokacin da farashinta ya haura dala miliyan 1 wajen 2014, sai Uber da ire-irenta suka shigo farashin ya faɗi warwas, bashin kuma yana nan. Sana'ar da ta dogara ga ƙarfin bayanka da ikon manhajar wani, ranar da ɗayansu ya juya maka baya ka tashi a tutar babu.

Iyayenmu mata, da ku nake wannan. Yawancinku kun riga kuna aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya. Matakin da 'yar Kenya ta taka shi ne a gabanku: daga mai kula a gida zuwa mataimakiyar jinya, daga nan zuwa ƙaramar ma'aikaciyar jinya, har zuwa cikakkiya mai lasisi bayan jarrabawar NCLEX. Kwalejojin Hostos da Bronx Community suna nan kusa da mu. Abin da ke tare hanya Turanci ne da wanda zai riƙe yara, sai kuma, ku gafarce ni iyayenmu maza, maigidan da ke ganin karatun matarsa raini zai jawo masa. Wannan na ukun ba sai na yi dogon bayani ba, malamai na nan.

Adashinmu kuma, Magajiya ta fi ni sanin nawa ke zagayawa a wata, kuma ba kaɗan ba ne. Amma ina yake tafiya? Biki, suna, fili a gida wanda wani lokaci an sayar wa mutum uku. Banki bai san kana zubi ba, don haka ranar da ka je neman bashin gida sai a ce ba ka da tarihin biya. Haka wanda ke ɓoye rabin samunsa a takardar haraji don ya rage abin da zai biya. Ranar da zai ɗauko matarsa, ko zai nemi bashi, takardar nan ce za ta tsaya shaida cewa shi talaka ne, kuma da hannunsa ya sa mata hannu. Mutanen Kenya suna da chama, adashinsu ke nan, amma da yawa sun yi masa rajista da asusun banki da littafi, suna sayen kadara da sunan ƙungiya.

Akwai dokar birnin nan ta 2017 da ta wajabta wa ma'aikatu fassara muhimman takardu zuwa harsuna goma. Akwai Faransanci da Larabci da Bengali da Urdu, babu Hausa. Da alƙaluma aka zaɓi harsunan nan, mu kuwa in takardar ƙidaya ta zo ta tambayi harshen da ake yi a gida, sai mu rubuta Turanci ko Faransanci, ko mu jefa ta a shara don tsoro.

Saboda haka, ranka ya daɗe shugaba, ina roƙon a sa abu uku a ajandar zama mai zuwa. A ware wani kaso na kuɗin wata-wata don ajin Turanci na mata a ranar Lahadi, tare da 'yan matanmu da za su riƙe yara. A naɗa mutum uku, ciki har da mace, su binciko yadda za a yi wa adashi ɗaya rajista a gwada shi shekara guda. Sannan duk mai katin zama da ya cika shekara biyar, ko uku ga wanda ke auren ɗan ƙasa, ya ba sakatare sunansa yau kafin ya fita. Ranar Asabar bayan la'asar zan zauna a nan mu duba takardun tare, ba ko sisi, kowa ya zo da katinsa da fasfonsa da takardun harajinsa na shekarun baya.

Na gode da haƙurinku. Malam, a yi mana addu'a. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.