Laccar Likitan Zuciya: Daga Gangaren Cuku Zuwa Nauyin Ƙirji

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To madalla. Abubuwa uku zan taɓo: bukukuwa, alamomin ciwon zuciya, sai mu likitoci da halinmu.

Na farko. A Ingila akwai wani tudu, Cooper's Hill, kusa da Gloucester. Duk ƙarshen watan Mayu sai a gangaro da curin cuku mai nauyin kilo 3 zuwa 4, ƙatti su bi shi a guje, suna faɗuwa suna tungurguza. Wanda ya fara isa ƙasa, cukun ne ladansa. Cuku fa! (dariya) Kar ku yi musu dariya da yawa, mu ma a Argungu tun 1934 dubban mutane ke rugawa cikin Matan Fada da gora da koma, ana kokawa da giwan ruwa. Abin da ya haɗa su: mutumin da ya shekara bai yi gudu ba, rana ɗaya ya ɗora wa zuciyarsa aikin doki. Ɗan kallo ma bai tsira ba. Lokacin gasar cin kofin duniya ta 2006, likitocin Munich sun ƙirga masu zuwa asibiti da matsalar zuciya ta gaggawa, suka ga ranar da Jamus ke wasa adadin ya haura ninki biyu. Masu gidan kallon ƙwallo, kun ji.

To me ke faruwa a ciki? Zuciya tsoka ce, tana da jijiyoyin da ke ciyar da ita. Kitse yana taruwa a bangonsu shekara da shekaru, ba ka jin komai. Ranar zumuɗi ko wahala, jini ya hau, bangon ya tsage, gudan jini ya toshe hanya. Cikin minti 20 zuwa 30 tsokar ta fara mutuwa, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa.

Yanzu ku ba ni hankalinku, nan ne maganar take. Ciwon ba sara ba ne, ba suka ba ne. Nauyi ne, kamar an aza maka buhun gero a tsakiyar ƙirji. Ka ce wa mai shi ya nuna wurin, ba zai nuna da yatsa ba, dunƙule hannu zai yi ya dafa. Yana iya tafiya hannun hagu, wuya, muƙamuƙi ko baya. Ga gumi mai sanyi ko da hunturu ne, ga haki, ga tashin zuciya. In ya zo da tafiya, ka huta ya lafa cikin 'yan mintoci, gargaɗi ne, ka ga likita a makon nan. In ya kai minti 15 kana zaune bai saki ba, asibiti yanzu. Ba gobe ba, ba bayan la'asar ba. Yanzu.

Kuma don Allah, olsa! Komai olsa. Mutum mai shekara 55, mai hawan jini, ya ji zafi a saman ciki da gumi, sai a aika yaro kemis ya sayo farin maganin nan na ruwa. Mata, tsofaffi da masu ciwon suga sau da yawa ba sa jin nauyin ƙirjin ma sam, sai gajiya, amai, ko numfashi ya ƙi isa. Ba olsa ba ce sai an tabbatar. Na maimaita, Hajiya ki rubuta: sai an tabbatar.

Abin yi: a zaunar da shi, kar ya tuƙa kansa, ya tauna asfirin miligiram 300, taunawa ba haɗiya ba don ya yi saurin shiga jini. Banda wanda asfirin ke yi wa illa, ko mai aman jini, ko wanda bakinsa ya karkace, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, maganarta daban.

Na uku ... ko na biyu muke? Kumburin ƙafa da kasa kwanciya sai an tara matashi, zuciya ce ta gaji. Mai jego ma tana yi, an daɗe da sanin haka a Zariya. Awon hawan jini in ya kai 140 bisa 90 ko sama, a maimaita shi. Na'am, Alhaji, ga hannunka a sama.

Ya ce me ya sa likita zai ce ba komai, bayan kwana biyu a yi jana'iza. Ranka ya daɗe, tambayar ta zauna. Wani lokaci laifinmu ne: layi ya yi tsawo, ko muna gudun tayar da hankali, sai mu ja ɗan'uwa gefe mu bar mai jikin cikin duhu. Ba daidai ba ne. Wani lokacin kuma gwajin ne: ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura, na farko yana iya fitowa lafiya alhali abin ya fara. Shi ya sa ake maimaitawa, a auna troponin a jini, wato sinadarin da tsokar zuciya ke saki in ta ji rauni, a sake bayan wasu awoyi. Don haka ka tambaye shi kai tsaye: me kake zargi, me ka kawar, me zan gani in dawo cikin dare? In babu na'urar a wurinsu, ya faɗa maka, ya rubuta takardar tura ka gaba. An ce lokaci ya ƙare, ga ladan ma ya fara.