Sanin shanu da yaɗuwar sabon abu

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena, ɗalibai, sannunku da haƙurin zama.

A 1973 wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Mark Granovetter, ya fitar da maƙalar da har yau ake karantawa a jami'o'i. Ya bi ma'aikata a garin Newton, kusa da Boston, waɗanda suka samu aiki ta hannun wani, yana tambayar kowa: wanda ya tsegunta maka aikin nan, kuna yawan haɗuwa? Kusan kashi 17 cikin 100 ne kawai suka ce eh. Sauran duk jefi-jefi suke ganin mutumin: tsohon abokin makaranta, ko wanda aka taɓa aiki tare. Sanin shanu dai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Aminanka da kuke majalisa ɗaya kullum, abin da ka ji shi suka ji. Wanda kuke gaisawa sai an haɗu wajen ɗaurin aure, shi yana zaune a wata majalisar, kunnensa na ɗauko abin da bai iso unguwarku ba. Fataken goro na da, masu tashi daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Ghana ta yau, sun san wannan. A zango, wajen mai masauki, ake jin farashi da halin hanya daga bakin baƙon da gobe za a rabu.

To amma a kula, nan ne mutane ke zamewa. Jin abu daban, karɓarsa daban. A 1943 Bryce Ryan da Neal Gross suka wallafa binciken da suka yi kan manoma 259 a jihar Iowa, kan yadda sabon irin masara ya shiga gonakinsu. Kusan rabinsu daga bakin dillalan iri suka fara jin labarinsa. Shin sun shuka nan take? Ina! Shekaru suka yi suna kallo, sai da maƙwabci ya gwada, aka ga amfaninsa a tsaye. Ko sannan ma, ɗan gefen gona mutum ke warewa tukuna.

Shi ya sa nake tantama idan aka ce an tura saƙo a WhatsApp, don haka an wayar da kan jama'a. An dai sanar da su. Duk abin da zai ci kuɗin mutum, ko ya taɓa lafiyar ɗansa, sai ya ga na kusa da shi biyu ko uku sun yi kafin ya motsa.

Na hango hannu a baya. Malama, bisimilla.