Amon maƙera a Birmingham

Assalamu alaikum mutanen gida, Gusau, Ƙaura, Mafara, ina gaishe ku. Hucin da kuke gani yana fita daga bakina sanyi ne, tun safe ba mu ga rana ba. Nan da nake tsaye gada ce a titin Broad Street, cikin Birmingham ta Ingila. Bari in juya kyamara. Kun ga bencin can mai fuskoki huɗu? Black Sabbath ke nan: Ozzy Osbourne mai waƙa, Tony Iommi da Geezer Butler masu jita, sai Bill Ward mai ganga. 'Yan unguwar Aston ne, sun haɗu a 1968, kuma a hannunsu aka haifi kiɗan da ake kira heavy metal, wato ƙarfe mai nauyi.

Yaya, na ji saƙon muryarka. Ka ce me ya haɗa jikan maƙeri da wannan hayaniya. To maƙerar ce ta haɗa mu. Ran da wani dattijo da muke aikin dare tare ya sa mini faifansu na farko, wallahi rumfar Kaka ta Mafara na tuna: zugazugi na huci, masaba na sauka kan uwar maƙera, dum, a dakata, dum. Mu da muka tashi muna jin dundufa ran bikin maƙera, kunnenmu ya san wannan nauyin.

Kuma ba kame-kame nake ba. Iommi a masana'antar ƙarfe yake aiki. Yana ɗan shekara 17, a ranarsa ta ƙarshe a wurin, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Shi kuwa bahago ne, da daman yake danne tsirkiya. Wani da ya haƙura. Shi sai ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke, ya yi wa yatsun 'yan huluna, ya liƙa musu fata, ya koma kan jitarsa. Ku riƙe wannan, don duk labarin amonsu daga yatsun nan ya taso.

Faifan farko ya fito ran 13 ga Fabrairu 1970, kuma a yini guda suka ɗauke shi, kamar yadda suke kaɗawa a gaban jama'a. Ɗanye ne shar. Ruwan sama da ƙararrawa ne suka buɗe shi, sannan jita ta faɗo kamar an yar da gungume. Amma in ka kasa kunne, har yanzu akwai kiɗan blues na baƙaƙen Amurka a ƙarƙashi, ba su gama rabuwa da iyayen gidansu ba. Faifan Paranoid da ya biyo baya a wannan shekarar ta 1970 ya fi tsari, waƙoƙin sun san inda za su tsaya, shi ya kai su duniya.

Inda nake so mu zauna shi ne 1971, faifai na uku, Master of Reality. Tsirkiya in ta ɗaure tamau tana cin yatsun Iommi, sai ya sassauta ta, Butler ma ya sassauta tasa don su daidaita. Duk wanda ya taɓa ganin mai kalangu ya saki tsarkiyar da ke hammatarsa ya san abin da ke faruwa: amo ya yi ƙasa, ya yi kauri, ya koma ciki. Haka ya faru. Kiɗan ya daina gudu, ya koma tafiyar raƙumi da kaya, a ƙirji kake jinsa kafin kunne. Ciwo ne ya tilasta musu, sai ya zama muryarsu. A ganina nan ne suka nuna, kuma makaɗa bila adadin har yau wannan sassautawar suke bi.

Bayan nan kuɗi ya zo. Faifai na huɗu a Los Angeles aka yi shi a 1972, har da waƙa mai sanyi ta fiyano. Na biyar, 1973, an ƙara goge irin na Turawa da ado iri-iri. Gwaninta ta ƙaru, ban musa ba, akwai wuraren da tsigar jikina ke tashi. Sai dai ni na fi son wuƙa ran da ta fito daga wuta a kan ran da aka yi mata kube mai zane. Daga nan kuma shaye-shaye ya ci su, abin tausayi, faifan ƙarshen shekarun nan duk gajiya ce a ciki, har aka sallami Ozzy a 1979. Ronnie James Dio, Ba'amurke, ya karɓa, faifan Heaven and Hell ya fito a 1980. Shi muryarsa hawa take kan kiɗa tana shawagi, alhali Ozzy bin sawun jita yake ƙafa da ƙafa. Kamar gidan kiɗan fada ne in aka sauya jagora: kotso na nan, 'yan amshi na nan, amma da jin baitin farko ka san wani ne.

Na san sunansu da hotunansu za su sa wasunku tsaki, kuma akwai baitocin da ni ma ba na maimaitawa. Amma Butler da ke rubuta yawancin kalmomin, yaƙi da talauci da tsoron gobe yake ta maimaitawa. Ɗan Zamfara bai buƙatar tafinta a nan.

Ran 5 ga Yuli 2025 su huɗun suka yi wasan bankwana a filin Villa Park, cikin Aston ɗin da suka taso, Ozzy na zaune kan kujera don ƙafa ta ƙi. Ran 22 ga watan ya rasu, yana da shekara 76. Wannan gadar sai da furanni suka rufe ta.

Yaya, ran Talata in ka shiga kasuwar Mafara, ka biya rumfar Kawu. Sa masa faifan 1971 a kunne, ko minti biyu ne, kada ka ce masa komai, ka ɗauko mini fuskarsa a waya. Ga yayyafi ya soma, bari in rufe kyamara kafin ta jiƙe.