Ba katin bashi, amma a san da kai: lacca kan gina maki a Amurka

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa, ba zan ci muku lokaci ba in sha Allah.

Na farko dai, a ƙasar nan wanda bai taɓa cin bashi ba ba wai yabonsa ake ba, kawai ba a san shi ba ne. Kamfanoni uku ke riƙe da fayil ɗin kowa, Experian da Equifax da TransUnion, daga nan ake fitar da makin FICO, wato makin da masu ba da bashi ke dubawa su ga ko kai mai biya ne, daga 300 zuwa 850. Katin cire kuɗinka na banki kuwa ko ka goge shi sau dubu ba ya shiga lissafi. Ni shekara biyu ina gogawa ina jin kaina, ranar da na je neman gidan haya matar ta danna kwamfuta ta ɗago kai ta ce wai babu ni. Na ce baiwar Allah ga ni tsaye a gabanki! (dariya)

To amma ku lura, kashi 35 cikin 100 na makin nan biya a kan lokaci ne. Ba kati suke nema ba, shaida suke nema cewa in ka ce ranar kaza za ka biya, kana biya. Shi ya sa nake son maganar adashi, wallahi ina son ta. Akwai wata ƙungiya a San Francisco, Mission Asset Fund, mutane su haɗu kowa ya zuba duk wata, a kwasa bi da bi, ba kuɗin ruwa ko sisi, ita kuma ƙungiyar ta riƙa kai rahoton kowane zubi wa kamfanonin nan uku. Adashi ne fa, adashi sak, bambancin kawai an rubuta an kai inda ake duba. Mu kuma mu yi shekara goma muna zubi tsakaninmu ba fashi, amma kwamfuta ta ce babu mu, saboda uwar adashi a littafinta kawai ta rubuta. Alhaji yana murmushi, ya san da wa nake. Sai dai a yi haƙuri, FICO ba ya fitar da maki sai asusun da ake kai rahotonsa ya kai wata 6.

Na uku... ko na biyu ne? Kuɗin haya. Ka tambayi mai gidan ko yana kai rahoto. Akwai kuma wani tsarin kamfanin Experian da ake kira Experian Boost tun 2019, yana saka kuɗin waya da wuta, amma a fayil ɗin Experian kaɗai. Akwai bashin gina maki da wasu ƙananan bankuna ke yi, a kulle kuɗin sai ka gama biya a ba ka, amma yawanci da ruwa a ciki, kowa ya tambayi malaminsa.

Na'am Hajiya? Ta ce in wata ɗaya ya kuɓuce mata fa. Yawwa. In kwana biyu ne ko mako, wataƙila tara za a ci ki, ba a kai rahoto sai an yi kwana 30. Amma in ya shiga fayil shekara 7 yake zama, Hajiya, yaron da kika goya sai ya shiga firamare abin na nan. Ki sa banki ya riƙa cirewa da kansa ranar da albashi ya shigo. Wa ke da wata tambayar? Can baya, a miƙa masa makirufo.