Oktoba ta zo da ranakun duniya, me za mu yi a unguwa?

Anti: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam da Auta. Auta, kai ka kawo batun, bismillah.

Auta: To Anti. Watan Oktoba cike yake da ranakun da duniya ta ware don wayar da kai. Abin da ke damuna shi ne yawanci a otal ake yin su. A raba riga da hula, a yi jawabi, a watse, mutumin unguwa bai ma san an yi ba. Shi ne na ce mu nemo abin da kowa zai iya yi da hannunsa.

Malam: Ai tun daga 1 ga wata akwai aiki. Kowa ya san ranar ce Najeriya ta samu 'yancin kai a 1960, amma ita ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa tsofaffi. Tunda hutu ne, a je a gaida kaka. Kada a tsaya a gaisuwar bakin ƙofa, a zauna a duba: maganin hawan jininta ya ƙare? Tabarau ɗin da ta ɗaure da zare har yanzu yana mata aiki?

Auta: Sai 5 ga wata, ranar malamai, wadda UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fara a 1994.

Malam: Wannan mai sauƙi ce. Wanda ya koya maka baƙi da wasali, ko na allo ko na boko, in yana raye ka je da ƙafarka, da ɗan abin hannu.

Anti: Ni inda nake so mu daɗe shi ne sankarar mama, don duk watan nata ne. Wallahi abin yana min ciwo. Mace za ta ji ƙullutu a mamanta, kunya ta hana ta faɗa. In ta faɗa, a ce daji ne, ba ya son allura, a shiga shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Sai ya fashe ya zama gyambo sannan a kai ta asibiti, lokacin ya riga ya ci jiki.

Auta: Anti, me mace za ta duba?

Anti: Sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan ta yi wankan al'ada, ta tsaya gaban madubi ta ɗaga hannu, ta shafa da tafin yatsu har cikin hammata. In ta ji ƙullutu, ko kan maman ya shige ciki, ko jini na fita, ko fatar ta yi ramuka-ramuka, ta tafi asibiti a makon. Kuma mata su kwantar da hankali, yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, amma likita ne zai tantance. Shawarata, a Islamiyyar matan aure a roƙi malama ta ba da rabin awa, a gayyato ma'aikaciyar jinya ta unguwa ta nuna musu.

Malam: Mu maza ma da namu a ciki. Izinin fita da kuɗin mota sau da yawa a hannunmu suke. Matarka ta ce tana jin wani abu, kada ka ce a bari sai an ga yadda hali ya yi.

Anti: Allah ya saka da alheri, Malam, gara da ta fito daga bakinka.

Auta: 15 ga wata ranar wanke hannu ce. Mu matasa sai mu haɗa kuɗi mu kai wa firamaren unguwa sabulu da bokiti mai famfo, a ajiye kusa da banɗaki. Amai da gudawa ta hannun da ba a wanke ba suke bi.

Malam: Washegari ranar abinci, don a ranar aka kafa FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1945. A wajenmu ta faɗo daidai kaka, gero ya shigo, ana girbin masara. Manomin da amfaninsa ya kai nisabi ya fitar da zakka tun kafin buhu ya tafi kasuwa: ɗaya bisa goma in ruwan sama ya shayar, rabin haka in da wahalar ban ruwa aka yi. Wanda bai yi noma ba ya auna kwano biyu ya aika gidan marayu na layinsu.

Auta: Akwai shan inna kuma, 24 ga wata. Amma Anti, ba an ce an gama da ita ba?

Anti: A Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, bayan wadda aka gani ta ƙarshe a Borno a 2016. Sai dai wani nau'inta yana ɓullowa inda yara ba su samu rigakafi sosai ba. Iyaye su ciro katin rigakafi daga ƙasan akwati su duba. In akwai gurbin da ba a cike ba, a kai yaron asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, kyauta ne. Malam, Auta, na gode. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.