Amsoshin Tambayoyinku: Felix Mendelssohn da kiɗan ogan

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani malami a Damagaram, yana neman tarihin Felix Mendelssohn, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Jamus, da kuma dalilin da ya sa ake cewa shi ya farfaɗo da kiɗan Bach.

To, malam, an haifi Mendelssohn a Hamburg ta Jamus ranar 3 ga Fabrairun 1809, ya tashi a Berlin. Malaminsa Carl Friedrich Zelter ne ya ɗora shi a kan rubuce-rubucen kiɗan Johann Sebastian Bach, wanda ya rasu tun 1750. A lokacin masana sun san Bach, amma manyan ayyukansa na coci sun daɗe a ajiye. Ranar 11 ga Maris 1829, yana ɗan shekara 20, Mendelssohn ya jagoranci mawaƙa da makaɗa a Berlin suka gabatar da Matthäus-Passion, wani dogon aikin coci na Bach. Ya yanke sassa da dama don kada tsawonsa ya gundure jama'a. Masana na yau suna sukar wannan yankan, amma a ganinmu shi ya sa mutanen zamanin suka iya zama suka saurara. A 1835 ya zama jagoran makaɗan Gewandhaus, wato zauren kiɗa na birnin Leipzig, a 1843 kuma ya kafa makarantar koyon kiɗa ta birnin.

Wata baiwar Allah daga Jos ta ce: gaskiya ne ogan ya taɓa mutuwa a hannunsa yana tsakiyar kiɗa?

Gaskiya ne, malama. Ogan, wato babban kayan kiɗan da aka fi samu a coci, da iska yake aiki. Bututai ne na katako ko na haɗin kuza da dalma, jere a kan akwatin iska; dogo ya ba da murya mai kauri, gajere siririya. Makaɗi na danna maɓalli, marfin da ke ƙarƙashin bututun sai ya buɗe, iska ta shiga. Ƙafafunsa ma suna da nasu jerin matakai, su ke fitar da muryoyi masu kauri. Kafin zuwan lantarki mutane ne ke hura iskar, kamar yadda yaron maƙeri ke zuga wuta da zugazugi. Suna tsayawa, sautin zai lanƙwashe ya ɗauke.

Haka ta faru a majami'ar St Paul ta Landan a Satumban 1837. An tashi daga ibada, Mendelssohn na kaɗa wani aikin Bach, jama'a suka ƙi fita. Ma'aikatan cocin suka sa masu hura iska suka tafi, kiɗan ya katse dab da ƙarshe. Turawan Ingila sun yi mamakin aikin ƙafarsa, domin yawancin ogan ɗinsu na lokacin ba su da cikakkun matakan da kiɗan Bach ke bukata. A 1845 aka buga sonata shida, wato dogayen kiɗe-kiɗe masu sassa, da ya rubuta wa ogan.

Ya rasu a Leipzig ranar 4 ga Nuwamban 1847 yana da shekara 38, wata shida bayan rasuwar yayarsa Fanny, wadda ita ma gwanar tsara kiɗa ce.