Me Ya Sa Marowaci Ke Dariyar Marowaci a Fim?

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Makka da Jidda, da masu kallonmu daga gida.

Ku hasko wani ɗaki a unguwar Sharamansur da ke Makka bayan sallar isha'i. An zuba shayi, an jingina waya da filas, kowa ya matso. A cikin fim ɗin, wani magidanci ya ji sallamar baƙo, ya yi wuf ya tura kwanon nama ƙarƙashin gado, yana amsawa da loma a baki. Ɗaki ya kece da dariya. Wanda kuwa ya fi kowa ƙyaƙyatawa shi ne wanda kowa ya san ba a cin tuwonsa.

Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Aikin ɗan wasan barkwanci shi ne ya ɗauko tudun da kake takawa ya ajiye maka a gabanka. Yana zuzuta halin har ya wuce misali, ya saka shi a jikin wani, sai ka kalla ba tare da an ci maka fuska ba. Da ƙaninka ne ya ce maka "Yaya, kai fa marowaci ne," da zumunci ya yi tsami. A fim babu wanda ya kama sunanka, don haka ka yi dariya son ranka, sai ka kwanta abin ya dawo maka.

Wannan dabara ta girmi kyamara. Daga 10 ga watan azumi yara ke fita tashe, su manna gemun auduga su kwaikwayi tsoho, Nalako kuma, wato sarkin gwauraye, na zagaya Kano yana farautar gwauraye. 'Yan kama na kwaikwayon wa'azi, amma duk zancen tuwo da miya ne. A wannan turba marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro ya taso. Ya rasu a Disambar 2014, amma har yau ana tura guntayen wasanninsa a WhatsApp.

Su ma masu masaukinmu suna da nasu. Ƙasar nan ta Saudiyya ta shafe fiye da shekara 30 babu sinima, sai a 2018 aka sake buɗewa a Riyad, don haka talabijin ce ta riƙe barkwanci. A 1993 aka fara shirin Tash ma Tash, na Nasir Alƙasabi da Abdullahi Assadhan, ana nuna shi cikin azumi. Sunan ya yi kama da tashe, sai dai babu dangantaka. Sun caccaki neman alfarma ta hanyar sanayya, da "je ka dawo" na ofisoshi, da tinƙaho da asali. Malamai da dama sun soki shirin, jama'a kuma ba su fasa kallo ba.

Ni inda nake ja baya shi ne idan wasa ya bar hali ya koma kan halitta: gurgu, mai in'ina, ko sabon zuwa da Larabcinsa ke harɗewa a gaban mai kanti. Rowa da cika baki mutum na iya barinsu gobe. Gurgu me zai gyara?

Mu koma ɗakin nan. Fim ya ƙare, wani ya dubi mutumin namu ya ce, "Alhaji, a leƙa ƙarƙashin gadonka ne?" Aka sake fashewa. Alhaji ya yi tsaki, ya miƙe ya ɗauko ledar dabino.